Tambayoyi da amsoshi kan asalin duwatsun giranit da tsagewar ƙasa a arewacin Kamaru da Chadi

Ɗalibai, masu fasa dutse da masu haƙar rijiya a Garwa, Marwa da Njamena sukan yi tambayoyi iri ɗaya game da duwatsun da suka kewaye mu. An tattaro waɗanda suka fi yawa a nan. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, duwatsun nan ba uwa ɗaya ta haife su ba. Wasu haɗuwar ƙasa ce ta samar da su, wasu kuwa rabuwarta, kuma bambancin yana taɓa ruwan da muke sha da ma'adinin da muke nema.

Wane dutse ne giranit a cikin duwatsun da muke gani?

Shi ne dutsen nan mai ƙwayoyi da ido ke iya rarrabewa, wanda ake sassaƙa dutsen niƙa da shi, ake kuma fasawa a yi tsakuwar gini. In ka fasa sabo ka duba, za ka ga abu uku. Akwai ƙanƙara, ta dutse ba ta ruwa ba, mai kama da gilashi. Akwai feldisfa, fari ko ja-ja, wanda shi ne ya fi yawa kuma shi ke ba dutsen launinsa. Sannan akwai baƙaƙen ɗige-ɗige, galibi maika mai ƙyalli da ɓarewa falle-falle.

Girman ƙwayoyin shi ne shaidar inda aka haife shi. Narkakken dutse ne da ya tsaya a can cikin ƙasa, bai samu fitowa ba, ya yi ta hucewa sannu a hankali tsawon dubban shekaru har ƙwayoyin suka samu sukunin girma. Da ya fito sarari ya huce da sauri, da ya zama wani dutse mai laushin ƙwaya da ake kira riyolit, ko da yake sinadarinsu ɗaya. Saboda haka duk inda ka taka giranit, ka sani cewa a da akwai kilomitoci na ƙasa a samansa, ruwa da iska ne suka kwashe su.

Malam, ke nan duwatsun Mandara da na Gera a Chadi duk tsagewar ƙasa ce ta haife su?

A'a, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Mafi yawan giranit ɗin da ke kewayen Mokolo, Mora, Gidar, Poli, da na Mongo da Abeshe a Chadi, 'ya'yan karo ne. Tsakanin shekara miliyan 650 zuwa 550 da suka wuce, manyan tsoffin gaɓoɓin ƙasa uku, na Kwango, na Afirka ta Yamma da na Sahara, sun matso suka haɗu, tekunan da ke tsakaninsu suka rufe. A nan ne aka ɗinke babbar nahiyar Gondwana. Ɓawon ƙasa ya naɗe ya yi kauri, gindinsa ya yi zafi ya narke, narkakken ya hau ya daskare. Duwatsun da muke gani yau saiwar waɗancan manyan tsaunuka ne da suka riga suka ƙare.

Giranit na tsagewa ba shi da yawa idan aka kwatanta. Ɗaiɗaiku ne, a warwatse, kuma galibinsu sun fi ƙuruciya nesa ba kusa ba. Tun 1911 wani masanin duwatsu, J. D. Falconer, ya raba giranit ɗin arewacin Najeriya gida biyu, tsofaffi da sababbi, kuma wannan rabon yana aiki a wajenmu har yau.

Me ake nufi da tsagewar nahiya? Ta taɓa faruwa a nan?

Ta faru, kuma mutumin Garwa a kanta yake kwana. Ɓawon ƙasa na nahiya yakan kai kaurin kilomita 35 zuwa 40. Idan wani ƙarfi ya ja shi ta fuska biyu, sai ya miƙe ya sirance, samansa ya kakkarye, tsakiya ta nitse ta zama dogon kwari. In jan ya ci gaba, teku ya shigo, nahiya ta rabu biyu. In ya tsaya a hanya, kwarin ya cika da yashi da laka ya zauna haka.

Wajen shekara miliyan 140 zuwa 100 da suka wuce, lokacin da Amurka ta Kudu ke ɓallewa daga Afirka, tsagar ta miƙo hannu cikin nahiyarmu. Wannan hannun shi ne kwarin Binuwai, wanda ya taso daga gaɓar tekun Gini ya rabu biyu a arewa, reshe ɗaya ya bi Gongola, ɗayan ya bi Yola ya shigo Garwa. Tuddan Tingilin masu shimfiɗaɗɗen kai da ake hangowa daga Garwa dutsen yashi ne da ya taru a cikin wannan kwari. Ƙananan kwaruruka na wancan zamani suna nan a Figil, Mayo Ulo, Lere da Kum, inda har sawun dabbobin dinoso aka samu. A Chadi kuwa akwai na Doba, Doseo, Salamat da Bongor, a Nijar akwai na Termit. Awon da aka yi da igiyoyin girgizar ƙasa ya nuna kaurin ɓawo a ƙarƙashin Garwa bai wuce kimanin kilomita 25 ba, alhali a kudu, ƙarƙashin tudun Adamawa, ya haura 30. Tabon jan ke nan, har yanzu bai goge ba.

To yaya ja zai narkar da dutse? Ai wuta ce ke narkarwa.

Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce cibiyar maganar. A ƙarƙashin ɓawo akwai wani dutse mai tsananin zafi, sama da digiri 1,200, amma bai narke ba saboda nauyin da ke danne shi. Dannewa tana hana narkewa. Idan ɓawo ya sirance, wannan dutsen na ƙasa yakan taso ya cike gurbi, nauyin kansa ya ragu alhali zafinsa bai ragu ba, sai wani ɗan kaso nasa ya narke. Abin da ke fitowa daga nan baƙin narkakke ne mai nauyi, wato basal, ba giranit ba tukuna.

Daga basal zuwa giranit hanya biyu ce, kuma masana sun daɗe suna jayayya kan wadda ta fi.

Ta farko, basal ɗin ya taru a wani ɗaki cikin ƙasa yana hucewa. Ƙwayoyin da ke da ƙarfe da magniziyom da alli, wato kalsiyom, su ne ke fara daskarewa, su nitse ƙasa. Ruwan da ya saura sai ya yi ta ƙara wadata da silika (sinadarin ƙanƙara), sodiyom da potasiyom. In abin ya yi nisa, ɗan ragowar ƙarshe, wanda galibi bai kai kashi ɗaya cikin goma na asali ba, shi ne giranit. Shi ya sa a wasu wurare ake samun baƙin dutsen gaburo a gefe ɗaya, siyenit a tsakiya, giranit a ƙarshe, duk 'yan ɗaki ɗaya.

Ta biyu, basal ɗin bai zama giranit da kansa ba, sai dai ya kwanta a gindin ɓawo ya gasa shi. Ɓawon ba ya narkewa gaba ɗaya. Dubi tsire a bakin wuta: kitse ne ke fara narkewa ya tsiyaye, tsoka ta zauna. Haka ƙanƙara da feldisfa ke fara narkewa su tattaru su hau sama, su bar sauran a baya. Abin lura a nan shi ne, gindin ɓawonmu an riga an gasa shi sau ɗaya a zamanin karo, ruwan da ke cikin ma'adinansa ya fita. Busasshen dutse kuwa ba ya narkewa sai da zafi mai yawa. Giranit mai ruwa yakan fara narkewa a wajen digiri 650 zuwa 700, amma na tsagewa sai an kai 800 zuwa 900, wani lokaci fiye.

Ra'ayina, wanda kuma awon sinadarai a wurare da yawa ke goya wa baya, shi ne ba a cika samun hanya ɗaya zalla ba. Narkakken da ya taso daga zurfi ba zai ratsa kilomita 30 na ɓawo bai haɗiyi komai ba. Abin da ya kamata a tambaya a kowane dutse shi ne, kashi nawa daga ƙasa, kashi nawa daga ɓawo. Ana gane wannan ta awon ire-iren ƙwayar sitironshiyom da niyodimiyom, domin tsohon ɓawo da sabon narkakke ba su da tambari ɗaya.

Ta yaya ake gane giranit na tsagewa idan an gan shi?

A 1974 wasu masana biyu, Chappell da White, a Ostireliya, suka raba giranit zuwa rukunin I, wanda ya fito daga narkewar tsohon dutsen wuta, da rukunin S, wanda ya fito daga narkewar dutsen laka. A 1979 Loiselle da Wones a Amurka suka ƙara rukunin A, na wuraren da babu karo. Wannan na ƙarshen shi ne namu. Yana da ƙarfe da yawa, magniziyom da alli kaɗan, sodiyom da potasiyom a wadace, ga kuma fulorin, zirkoniyom, niyobiyom da galiyom fiye da sauran. A ido, wani lokaci baƙaƙen ɗigoginsa sukan yi shuɗi-shuɗi, saboda wani ma'adini mai sodiyom da ake kira ribekit. A daji kuma yakan yanke tsoffin duwatsu a tsaye, babu lanƙwasa ko jerin layuka a jikinsa, kuma sau da yawa za ka same shi tare da baƙin basal ko gaburo, babu na tsaka-tsaki sosai.

Sai dai ina jan kunnen ɗalibai: sinadari kaɗai ba ya yanke hukunci. Giranit ɗin Zabili a Mayo Kebbi, da wasu na Gera, suna da tambarin rukunin A sarai, amma shekarunsu wajen miliyan 570 zuwa 550 ne, wato ƙarshen zamanin karo. Abin da ya faru shi ne, bayan matsi ya lafa, ɓawon da ya yi kauri ya saki jiki ya ɗan miƙe, zafi ya shigo daga ƙasa. Miƙewa ce, amma ba rabuwar nahiya ba. Duk wanda ya ɗauki sakamakon awo kawai ya rubuta "tsagewa" bai duba shekaru da maƙwabtan dutsen ba, ya yi gaggawa. Wannan matsala ta fi tsanani a kan tsoffin duwatsu sosai, irin na Finlan masu shekara sama da biliyan 1.5, ko na kudancin Girinlan masu sama da biliyan 1.1, inda kwarin da kansa ya daɗe da shafewa, sai saiwar kawai ta rage a karanta.

Ina ne misalansu mafi kusa da mu?

Akwai wani dogon jeri da ya ratsa ƙasar Hausa daga arewa zuwa kudu, kuma shekarunsa suna raguwa bi da bi. A duwatsun Azbin sun haura shekara miliyan 400. A Damagaram da Muniyo wajen miliyan 300. A Dutse kimanin miliyan 213. Daga nan Ririwai, Jos, har Afu a kudu mai kimanin miliyan 141, wato daidai lokacin da kwarin Binuwai ya fara buɗewa. Ba za a ce tsagar Binuwai ce ta haife su ba tunda sun riga ta, amma suna nuna nahiyar ta daɗe tana tsattsagewa a ciki kafin ta ɓalle.

Namu na Kamaru sun zo daga baya, tsakanin shekara miliyan 65 zuwa 30. Sun kai sittin, a jere bisa layin aman wuta da ya taso daga tsibirin Annobon ya bi ta Dutsen Kamaru ya nufo Tafkin Chadi, tsawon kimanin kilomita 1,600. A arewa akwai Mbutu da Golda Zuwelba da Kokumi, a Adamawa kuma Mayo Darle. A Chadi, Hajar el Hamis da ke kudu da tafki riyolit ne mai kimanin shekara miliyan 70, ɗan'uwan waɗannan giranit ɗin da ya samu fitowa sarari.

Dalilin wannan layi har yau ana muhawara a kai, domin ba kwari ba ne, tudu ne. A 1980 Godfrey Fitton ya lura cewa siffar layin, mai rassa biyu a arewa, ta yi daidai da siffar kwarin Binuwai, sai ya kawo shawarar cewa zafin da ke ƙarƙashin Binuwai ne ya koma ƙarƙashin Kamaru da nahiyar ta gusa. Wasu sun fi karkata ga tsoffin karayoyin zamanin karo da suka sake motsi suka ba narkakke hanya.

Me ya sa a taswira waɗannan sababbin giranit suke fitowa zobe-zobe?

Domin gindin duwatsu masu aman wuta ne. Ɗakin narkakken yana kusa da sama, kilomitoci kaɗan. Da ya amayar da abin cikinsa, rufin ya karye a kewaye ya rufta, sabon narkakke ya bi ta karayar ya cike ta. In zaizaya ta kwashe saman, sai a ga da'ira cikin da'ira.

Wa ya ƙidaya waɗannan miliyoyin shekaru?

Dutsen ne ke ɗauke da lissafinsa. A cikin giranit akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira zirkon, kaurinsu bai fi na gashi biyu ko uku ba. Lokacin da zirkon ke daskarewa yakan karɓi yuraniyom amma ba ya karɓar dalma. Yuraniyom kuwa yana rikiɗewa ya zama dalma a kan ƙa'idar da ba ta canzawa da zafi ko sanyi: nau'in 238 rabinsa ke rikiɗewa a shekara biliyan 4.47, nau'in 235 a shekara miliyan 704. Duk dalmar da aka samu a ciki, bayan haihuwa ta taru. Tunda agogo biyu ne a ƙwaya ɗaya, kowane na tantance ɗan'uwansa, in suka saɓa an san wani abu ya taɓa ƙwayar.

Wani abin da ke burge ni shi ne, zirkon yana da taurin da wani lokaci ba ya narkewa ko da dutsen da yake ciki ya narke. Sai a samu tsohuwar ƙwaya a tsakiya, sabuwa ta lulluɓe ta. Tsakiyar ta faɗi shekarun ɓawon da aka gasa, bayan ya faɗi shekarun giranit ɗin. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi idan ana son nuna cewa tsohon ɓawo ya shiga cikin haɗin.

Tsinin duwatsun Rumsiki giranit ne?

A'a. Su toshe ne na maƙogwaron tsoffin duwatsun aman wuta, masu kimanin shekara miliyan 30, waɗanda suka huda tsohon giranit ɗin Mandara. Tudun da suke tsaye a kai ya girme su da fiye da shekara miliyan 500.

Wa ya ɗora manyan duwatsun nan kan juna a Mandara?

Babu wanda ya ɗora su, a nan inda suke aka sassaƙa su. Giranit yana da tsagogi a tsaye da a kwance. Ruwan sama ya bi tsagogin tun dutsen yana binne, ya ruɓar da feldisfa ya mai da shi yumɓu, ya fi cin kusurwoyi, sai kowane yanki ya mulmule. Da ruwa ya wanke ruɓaɓɓen, ƙwallayen suka zauna a kan juna. Ƙanƙarar da ba ta ruɓewa ita ce yashin da ya cika Mayo Tsanaga da Mayo Kaliyawo, wanda ake ɗiba a yi bulo a Marwa. Mutanen dutse kuwa, Mafa da maƙwabtansu, da ƙananan suke gina matakalan gonakin da ke riƙe ƙasa.

Akwai arziki a cikin duwatsun giranit?

Akwai, amma kowane iri da nasa. Giranit na rukunin A shi ne gidan kuza da kolombayit. Fulorin da ke cikinsa yana sa ruwan zafi na ƙarshe ya ɗauko waɗannan ƙarafa ya zuba su a saman dutsen da cikin jijiyoyi. Maƙeran Ririwai sun daɗe suna narka kuza kafin zuwan Turawa, Jos kuma da ita ta yi suna. A Kamaru, Mayo Darle ce aka haƙi kuza tun zamanin mulkin Faransa.

Zinariya ba a nan take ba. Wadda ake wankewa a yankin Pala ko Chollire tana bin jijiyoyin ƙanƙara na tsoffin duwatsun zamanin karo. Yuraniyom ɗin Kitongo kusa da Poli shi ma a tsohon giranit yake. Ina baƙin cikin ganin matasa suna zuba ƙarfinsu da kuɗin iyayensu a rami don kawai dutse ya yi ƙyalli, alhali sau da yawa maika ce. Kafin a sa diga, a kai samfuri sashen ilimin duwatsu na jami'a, a Marwa, Ngaundere ko Njamena, ko cibiyar binciken ma'adinai ta gwamnati da ke Garwa.

Babban arzikin tsagewa dai man fetur ne. Tafkunan da suka kwanta a kwarurukan nan sun tara laka mai cike da matattun halittu, zurfi da zafi suka dafa ta. Man Doba, da ya fara bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi a 2003, daga nan yake. Na Bongor shi ke ciyar da matatar Jarmaya tun 2011. A Bongor ɗin ma an samu mai a cikin giranit kansa: tsoffin tuddai da suka nitse a gindin kwari, suka farfashe, man ya tsiyaya daga laka ya cika tsagoginsu.

Me ya sa foraj, wato rijiyar burtsatse, ke wahala a ƙasar dutse, kuma me ke ɓata haƙoran yara a wasu ƙauyuka?

Lafiyayyen giranit ba ya riƙe ruwa. Ruwa yana cikin ruɓaɓɓen saman ne, ko cikin tsagogi. Shi ya sa za a haƙa nan a samu, a matsa taku hamsin a tarar da busasshe. Mai haƙa da ya san aikinsa yakan bi layin karaya, ya kuma yi awon lantarki kafin ya kawo inji, kuma kuɗin awon bai kai asarar rami ɗaya ba.

Haƙora kuwa, fulorin ne. Yana cikin maika da wasu ma'adinan giranit, tsohon da sabon, yana narkewa a ruwan da ya daɗe a cikin dutse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 a lita, kuma bincike a kwarin Mayo Tsanaga ya samu rijiyoyi da suka wuce wannan. Yaron da ya tashi da irin wannan ruwa haƙoransa kan yi ja-ja da dabbare-dabbare, in ya yi yawa har ƙashi yake taɓawa. Tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara masa kauri ma take yi. Duk unguwar da ta tara kuɗi ta haƙa foraj, ta daure ta ƙara na gwajin ruwa kafin a fara ba jarirai.

Ƙasar nan za ta sake tsagewa?

Tsagar Binuwai ta daɗe da mutuwa. Wajen shekara miliyan 84 da suka wuce ma matsi ne ya biyo baya, ya lanƙwasa duwatsun cikinta. Inda Afirka ke rabuwa a yau gabas ne: Bahar Maliya tana buɗewa da kimanin santimita ɗaya a shekara, kuma a Satumbar 2005 ƙasa ta dare a yankin Afar na Habasha tsawon kilomita 60, faɗin wasu wurare har mita 8, cikin 'yan makonni. A ƙarƙashin irin waɗannan wurare ne giranit na tsagewa ke daskarewa yanzu haka.

Abin da ke da rai a wajenmu layin aman wuta ne, kuma a kudu ya fi motsi. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000, iskar da ta fito daga Tafkin Nyos a Agustan 1986 kuma ta kashe mutum sama da 1,700. Zobban giranit na kewayen Garwa sun huce tun miliyoyin shekaru, babu narkakke a ƙarƙashinsu, ana iya gini da noma a kansu.